Sabunta kod ɗin Express ba tare da kashe saba ba

Mutane da yawa masu gina saba (server) da Express a kan Node suna ɗauka nodemon, manhajar da ke lura da canji a fayilolinka, yana sabunta kod ne alhali saba na ci gaba da aiki. Ba haka ba ne. Kashe Node yake yi ya sake tayar da shi, haka ma `node --watch`. Duk abin da ke cikin memori ya tafi ke nan, har da haɗin rumbun bayanai da WebSocket ɗin da ke buɗe. In manhajarka na tashi nan take, ka zauna da nodemon, ya ishe ka. In kuwa sai ta loda kaya masu nauyi kafin ta fara amsawa, ga wata hanya.

Duk fayil ɗin da aka kira da `require`, Node na ajiye shi a `require.cache`, ba ya sake karanta shi. Don haka ka sa chokidar, kunshin da ke gano canjin fayiloli, ya sa ido a kan foldar `routes`. Da zarar wani fayil ya canja, ka share duk abin da ke cikin ajiyar wanda ya fito daga foldar. Duka, ba wanda ya canja kaɗai ba, domin `index.js` na foldar yana nan riƙe da tsohon. `node_modules` kuwa kada ka taɓa shi.

A nan aka fi yin tuntuɓe. In ka rubuta `app.use(require('./routes'))`, sharewar ba ta da amfani, Express ya riga ya damƙe tsohon kod tun farko. Sai dai haka:

`app.use((req, res, next) => require('./routes')(req, res, next))`

Yanzu kowace buƙata za ta nemi fayil ɗin da kanta. Ko ka yi kuskuren rubutu, saƙon kuskure na 500 za ka gani a burauza, saba ba za ta mutu ba.

Haɗin rumbun bayanai ka fitar da shi daga wannan folda. In yana ciki, kowane canji zai buɗe sabon tarin haɗi, tsoho na nan a buɗe. Kunshin `pg`, mai haɗa Node da rumbun bayanai na PostgreSQL, na iya buɗe har 10 a kowane tari, PostgreSQL kuma 100 yake karɓa in ba a canja saitinsa ba, sai ka ga ya fara ƙin karɓar haɗi. `setInterval` ma haka yake ninkuwa.

Masu amfani da `import` ba su da `require.cache`. Dabarar ƙara `?v=` da lokaci a ƙarshen sunan fayil tana aiki, amma tsofaffin kwafi na taruwa a memori, kuma fayilolin da shi ya kira ba sa sabuntuwa.

A cikin Docker ko WSL2, in chokidar ya yi shiru, kunna masa saitin `usePolling`, wanda ke sa shi ya riƙa duba fayilolin lokaci-lokaci. Duk wannan kuma ka killace shi da `NODE_ENV`, saitin da ke bambance sabar gwaji da ta aiki, kada ya bi ka zuwa sabar da jama'a ke amfani da ita.