Ambulan ba tsayin dutse a jiki, wahalar banza

Wallahi har yau in na tuna ambulan ɗin nan da muke sa malam-buɗe-littafin da muka kama a ciki sai raina ya ɓaci. Aikin karatu ne ya kai mu kudancin Ekwado, kan malam-buɗe-littafin tsaunukan Andis, dangin Pedaliodes da masanin ƙwari Butler ya raɗa wa suna tun 1867, yanzu jinsinsu ya haura 200, tun daga Benezuwela da Kolombiya har Bolibiya. Wanda ke zaton zai ga masu kala irin na kalanda ya sake lale, yawancinsu ruwan ƙasa ne mai duhu, sai ɗan ja ko ɗigon fari a ƙasan fiffiken baya, shi ke nan fa.

Hanyar garin Loja zuwa garin Zamora muke bi, gefen gandun dajin Podocarpus. Loja na wajen mita 2,100, hanya ta hau kusan 2,800 sannan ta gangaro Zamora wajen 1,000. Kamun ba wuya, ka ajiye ruɓaɓɓen kifi ko kashi a bakin gorar Chusquea da tsutsarsu ke ci, da hantsi in rana ta buɗe za su sauko, hazo na rufewa an tashi kasuwa.

To su waɗannan halittu kowane jinsi da hawansa a jikin dutse, 'yan ɗaruruwan mita ne kawai, kana wucewa ɗan'uwansa mai kama da shi sak ya karɓi wurin. Wani masani, Michael Adams, ya nuna haka a tsaunukan Kolombiya da Benezuwela tun shekarun 1970 da 1980. Ke nan kafin ka duba fiffike ma, tsayin da ka kama shi ya riga ya rage maka rabin aiki.

Shi kuwa ɗalibin da aka ba riƙon ambulan, bawan Allah, GPS na aljihunsa, amma ba abin da yake rubutawa sai Loja-Zamora da kwanan wata. Hanyar da sama da ƙasanta sun kusa mita 1,800 tsakani! Na bakin tudu da na gangare duk ya zuba su a roba ɗaya, ba wanda ya lura sai da muka baje su a tebur, lokacin takardar izinin kamu ta ƙare, ba halin komawa.

Dole muka koma fiɗa. A yanke ƙarshen cikin namiji, a jiƙa a ruwan sinadarin KOH mai narkar da tsoka, a sa a maikiroskop ana gwada siffar al'aurarsa da zanen da ke takardun Tomasz Pyrcz na Krakow, mutumin da ya sa wa da yawansu suna. Idona har ruwa yake. Mazan mun samu sunan wasu, matan kuwa da dama haka muka bar su da Pedaliodes sp., wato ba a gane jinsinsu ba. Kuma ko wanda muka gane ɗin malaminmu ya ce ba zai hau taswirar yaɗuwa ba tunda ba a san hawan da ya fito ba, alhali taswirar ce ta kai mu can. Wannan ya fi min ciwo a kan fiɗar.

Wani malam-buɗe-littafin daban, Morpho sulkowskyi, ya gifta mana a wata kwana, fari mai walƙiyar shuɗi, masanin ƙwari Kollar ya bayyana shi a 1850, wannan ko yaro ya gane shi daga nesa, shi ya sa ba ya burge ni yanzu.

In za ka je, rubuta tsayi da fensir tun kafin ƙwaron ya shiga ambulan, biro narkewa yake a ruwan can. Hoto kuma na ƙasan fiffike za ka ɗauka, na sama duk ɗaya suke, manhajar waya ma canka kawai take yi. Kowane hawa a ware masa robarsa. Ɗalibin nan mun shirya, muna gaisawa lafiya lau, amma ambulan dai ni ke rubutawa yanzu ko hannuna na rawar sanyi.