Godiya bayan an sallamo ɗanmu daga Korle Bu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima da Mamobi, da duk wanda labarin ya kai wa. Jiya bayan la'asar muka dawo gida da yaronmu, bayan kwana 11 a sashen yara na asibitin Korle Bu da ke Accra. Alhamdu lillahi. Ya ci tuwo da kansa, har ya nemi ƙari. Wayata ta cika da kiran da ban ɗauka ba, ku yafe mini, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Da yawa kun tambaye ni abin da ya same shi, wasu har sun ji an ce sammu ne. Ba sammu ba ne. Cuta biyu ce ta haɗu a jikin yaro ɗan shekara 9: zazzaɓin cizon sauro da tsargiya.

Zazzaɓin mun san da shi. Tun damina yake zuwa yana tafiya, ni kuma, in faɗi gaskiya, sai in biya ta kantin magani in sayo ƙwayoyi ba tare da gwaji ba, jiki ya yi sanyi mu manta. Laifin nan nawa ne, ba na uwarsa ba. Ita ce ma ta fara lura cewa wando ya daina rufuwa a cikinsa alhali hannuwansa sai ramewa suke yi. Da ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu sai ta ji wani abu tauri, yaron ya yi ƙara. Hajiya, mahaifiyata, ta ce saifa ce, a kira wanzami ya yi masa tsaga kamar yadda aka yi mana muna yara. Sunan cutar Hajiya ta faɗa daidai. Tsagar ce maƙwabciyarmu nas ta hana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki ba ni shi kwana ɗaya kawai." Ita ta raka mu asibitin unguwa, daga can aka tura mu Korle Bu. 'Yar uwa, Allah ya saka miki da Aljanna.

A can aka ɗebi jini, aka ga zazzaɓin, aka ga jinin ya yi ƙasa sosai, aka duba sikila babu. Hoton ciki ya nuna saifa ta kumbura, hanta ma ta kumbura. Ni na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata likita, yarinya ce ƙarama, ban jin ta kai ƙanwata ba, ta ja kujera ta tambayi yaron da kansa ko yana shiga ruwa. Na yi caraf na ce a Nima wane ruwa, ban da na kwata? Yaron ya sunkuyar da kai. Ashe duk hutun da yake zuwa wurin kawunsa a wajen Weija, shi da yaran gidan suna wuni a bakin dam ɗin nan na kogin Densu, suna iyo suna kamun kifi. Shekara uku ana haka ban sani ba.

Na ce mata ai tsargiya fitsarin jini ce, shi kuwa bai taɓa yi ba. Ta ce iri biyu ce a Ghana. Akwai ta mafitsara, wadda kowa ya sani, akwai ta hanji, wadda ba ta nuna kanta da wuri. Tsutsar tana fitowa daga jikin dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya sani ba, ta girma a jijiyoyin jinin hanji. Ƙwayayen da take zubawa wasu su fita da bayan gida, wasu jini ya kwashe su ya kai hanta su maƙale. In aka daɗe, hanta ta yi tabo, jini ya kasa wucewa ya koma ya danne saifa. Saifar kuwa dama ta gaji da tace jinin da zazzaɓi ya lalata. Kaya biyu a kan jaki ɗaya. Da aka gwada bayan gidansa, ga ƙwayayen nan. Ta ce mun zo kafin hantar ta yi mummunan tabo. Ban riƙe sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

An yi masa allurai na zazzaɓin, aka ƙara masa jini, da ya samu ƙarfi aka ba shi praziquantel, maganin tsargiya, bayan ya ci abinci. Ya sha jiri da murɗar ciki yini guda, ya wuce.

Maganar jini kuwa, samarin layinmu, ban san da wane baki zan gode muku ba. Ku huɗu kuka hau motar haya ta trotro da asuba don ba da jini, ɗayanku ma tsoron allura yake yi, na gani. Abokan sana'ata teloli da kuka haɗa kuɗi ta momo, wato ta waya, don abin da katin inshora bai ɗauka ba, da wanda ya ƙarasa ɗinkin da na bari a kan keke, Allah ya buɗa muku. Liman da jama'ar masallacinmu, mun ji addu'arku. Gwaggo, kokon da kike aikowa kullum da safe har masu jinyar gadon kusa da mu sun san shi. Kawunsa kuma, Yaya, ka daina zargin kanka. Ka kai yaran gidanka a duba su, likita ta ce maganin ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan.

Saura roƙo ɗaya. Saifar ba ta gama komawa ba, an ce bugu a ciki zai iya fasa ta, don haka an hana shi ƙwallo sai likita ta yarda. Yaron da yake ganin shi ne ɗan ƙwallo Mohammed Kudus na gaba, kun san wannan ya fi masa allura ciwo. Duk wanda ya gan shi a fili, ya kamo mini shi ya kawo shago. Za mu koma asibiti nan da mako huɗu a sake gwaji da hoto.