Fistin mara nauyi ya kusa sa in jingine TX200

'Yan uwa masu kwance bindigar iska, yau dai barka da arziki. Jiya Lahadi harsashi goma na jera a yadi 30, duka suka taru a ramin da sulen peni biyar zai rufe. Sai da na taka na je na sa yatsa a takardar kafin na yarda. Wata biyu da rabi ke nan bindigar nan tana wasa da hankalina a kan teburin kicin.

Wanda bai ga bayanina na baya ba, Air Arms TX200 ce, Mk3, mai bakin milimita 4.5. Lafiyarta ƙalau na same ta, ni ne dai ban iya barin abu yadda yake ba. Mk3 tana da doguwar tafiyar fistin (ƙarfen da sifirin yake turawa ya matse iskar da ke fitar da harsashi), kusan milimita 96, tsawon da ya fi dacewa da ƙasashen da ba a ƙayyade ƙarfi ba, irin Amurka. Mu kuwa a nan Ingila doka ta tsayar da mu a fut-fam 12 (ma'aunin ƙarfin harbi ke nan), sai ka ji harbin yana jan jiki, bindigar ta yi baya a hankali kamar tana hamma. Abin da nake so shi ne in taɓa kunama, tas, komai ya ƙare.

Lissafina na farko irin na kowa ne: a rage wa fistin nauyi, zai fi gudu, bugun baya ya ragu. Na ba wani mai injin feƙe ƙarfe fam 85 ya yi mini na alminiyam. Da ya iso na ɗora shi a sikelin uwargida na awon fulawa (ta gani, ta yi magana, an wuce wurin), ya gaza na asali da giram 70. Murna har kunne. Na mayar da sifirin ɗin asali na ɗaure.

Harbin farko ya yi sauri kam, ba ƙarya. Amma sai na ji wani abu da ban san shi ba: bindigar ta ɗan taɓa kafaɗa, nan take kuma ta zabura gaba kamar an fizge ta. Na'urar auna gudu ta ce harsashin JSB Exact mai nauyin giren 8.44 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), wanda da yake fita a ƙafa 780 cikin daƙiƙa, ya sauko 715. A takarda kuwa ramukan suka jeru daga sama zuwa ƙasa kamar tsani. In na matsar da tafin hannuna inci ɗaya a ƙarƙashin katakon, harsashi ya canza gida.

Nan na shiga hauka iri-iri. Na ce sifirin ne bai matsu ba, na cusa washa biyu, sannan uku. Gudu ya ƙaru da ƙafa goma sha wani abu, ɗanawa ta yi tauri, zaburar ta ƙara muni. Na koma kan robar bakin fistin, na ce ita ce ta kama bututun matse iska da fistin yake gudu a ciki da yawa. Na ɗaura fistin a injin huda ina juya shi a kan samfefa, ina gwadawa, ina ƙarawa, har hannu ya zarce. Da na saki fistin a cikin bututun na toshe ramin iska da yatsa, maimakon ya tsaya cak sai ya sulale ƙasa abinsa. Roba ta tashi aiki, fam 12 sun bi ruwa, ga jiran mako guda kafin sabuwa ta zo.

Abin kunyar ma yana gaba. Da sabuwar ta zo, garin ɗoki na lafta giris ɗin moli har ya tsallaka gaban robar. Harbi ɗaya na ji ƙara kamar an fasa kwalba, hayaƙi ya fito daga bakin bindiga, ɗakin ajiyar mota ya cika da ƙaurin mai. Na duba na'ura: 830. Ku buga da kanku, nauyin harsashi sau gudu sau gudu, a raba da 450240. Ya ba ni fut-fam 12.9. Wato na haura iyakar doka, kuma a ƙasar nan bindigar iska da ta wuce 12 tana buƙatar lasisin bindiga daga 'yan sanda, ba ruwan kowa da cewa giris ne ya kama wuta. Ban sake harbi na biyu ba. A daren na kwance ta, na wanke bututun tas, na goge robar ta bushe ƙarau, sai ɗan shafe a gefenta da bayanta.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne a kulob ɗinmu, ya fi shekara talatin yana kwance irin waɗannan. Ya karɓa ya yi harbi biyu, ya miƙo mini, ya ce fistin ɗinka dawowa yake yi. Ya zana mini a bayan kwalin harsashi. Iskar da fistin yake matsawa ita ma sifirin ce. Tana kai maƙura sai ta ture shi baya, kuma in ba shi da nauyin da zai danne ta, zai juyo tun harsashi yana tsakiyar bututun bindiga. Juyowar nan ce take fizgar bindiga gaba, ita ce kuma take cinye ƙarfin, don iskar da ya kamata ta bi bayan harsashi ta samu wurin buɗewa a baya. Ni na cire giram 70 amma na bar masa doguwar tafiya da iska mai yawa da zai yi kokawa da ita. Ashe saurin da nake nema a gajarta tafiya yake, rage nauyi biyo baya ne.

Sai na yi abu biyu a lokaci guda, wanda na san ba daidai ba ne a gwaji, amma haƙurina ya ƙare. Na ƙara wa hancin fistin tsawon milimita 10, tafiyar ta dawo wajen 86. Sannan na cire hular sifirin ta roba da ke cikin fistin na sa ta ƙarfe mai giram 25. Ƙarin hancin nan da kansa yana ƙara matse sifirin da milimita 10, don haka washoshin nan uku duka suka koma gwangwani. Ban yanke sifirin ba. Na kusa, magagari na hannuna, Allah Ya tsare.

Yanzu tana ba ni 765 da Exact, wato 10.97, kuma a harbi ashirin bambancin mafi sauri da mafi jinkiri bai wuce ƙafa 8 ba. Na gwada da JSB RS mai giren 7.33, don masu sifirin sukan fi ba da ƙarfi da harsashi mara nauyi, in kuma za a auna bindigarka ba kai za ka zaɓi harsashin ba. Ya fita a 835, fut-fam 11.35. Nan zan bar ta. Harbin kuwa, wallahi sai kun ji: gajere, ba ƙarar sifirin, ba zabura, kuma ina iya ganin harsashi yana shiga takarda ta cikin madubi, abin da ban taɓa samu da ita ba.

Abu ɗaya da ban yi tsammani ba: tunda fistin yana kama kunama da wuri, bututun matse iska ba ya ja da baya kamar da in an ɗana, ƙofar sa harsashi ta ƙuntata. Mai manyan yatsu irina zai sha wahala da safe in sanyi ya kama hannu. Na duba sau da yawa cewa maƙallin tsaro na gefe yana kama haƙorin bututun, yana kamawa, amma duk da haka hannuna na hagu ba ya sakin sandar ɗanawa muddin yatsuna suna cikin ƙofar nan.

Saura sanyi. Duk awon nan a cikin ɗaki na yi shi, robar kuma sabuwa ce, ba ta ci ko gwangwani ɗaya na harsashi 500 ba, gudun zai iya hawa in ta saki jiki. Lahadi mai zuwa akwai gasar HFT a daji, wato harbin saiti da bindigar iska, abin harbi 30 daga yadi 8 zuwa 45, zan tafi da na'urar auna gudu a jaka in gwada ta a wurin ajiye motoci kafin a fara. Fistin ɗin asali yana nan naɗe a tsumma cikin akwati, ban sayar ba.