Tukunya da sunan maginiyarta

Da na gama karatun zane da ginin tukwane a Zariya, yawancin abokan karatuna Legas suka nufa, wasu kuma tsakiyar Abuja, inda masu sayen kayan ado suke. Ni kuwa Ushafa na kama ɗaki, a ƙaramar hukumar Bwari, don a nan yumɓu yake, a nan kuma matan Gbagyi da suka san shi suke.

Zaman ƙauye ya fara koya mini cewa yanayi ne mai tsara aiki. Da damina tukunya ba ta bushewa da wuri, itacen gashi ma a jiƙe yake. Da hunturu kuwa iska kan busar da baki tun gindi na ɗanye, sai ka wayi gari ta tsage. Tsohuwar da nake zama wurinta, wadda muke kira Mama, da ta murza yumɓu a yatsunta ta san ko yana neman ƙarin garin fasasshen kasko. Ba ta amfani da injin juyi. Ita ce ke zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu tana shafewa har randa ta tashi. In an gasa a fili da itace da ciyawa, sai ta yayyafa ruwan makuba tun tukunyar na da zafi, ta yi duhu, ta yi sheƙi. Takan ce mini, "Ɗana, kar ka yi wa ƙasa gaggawa."

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar suna. Kowa ya san Ladi Kwali, ga hotonta a bayan takardar naira 20. Ita ma a ƙauye ta koya, a hannun 'yar'uwar iyayenta, kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanenta kafin Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Kadangare da kunama da kifin da take zanawa a jikin randa tun gida ta zo da su. Abin da ya ƙaru shi ne tanderu mai tsananin zafi, da ruwan ƙyalli, da haruffa biyu, LK, da ake bugawa a jikin aikinta. Da haruffan nan ake gane aikinta har gobe a gidajen tarihi na Ingila da Amurka.

Matan da nake aiki da su, wasunsu hannunsu ya kai a yi alfahari da shi ko'ina. Bill Clinton ma ya zo Ushafa a 2000, an ɗauki hotuna, an watse. Duk da haka ɗan kasuwa kan kwashi randunansu da araha, ya jera a Maitama ko Wuse a matsayin "aikin gargajiya", ba sunan kowa. Wannan yana ci mini rai, don mai saye ba zai taɓa dawowa neman mace guda ba in bai san da ita ba, ita kuma ba ta da bakin tsayar da farashi.

Shi ya sa yanzu duk tukunyar da za ta fita ta hannuna sai maginiyarta ta sa alamarta a gindi tun tana ɗanya. Mama ba ta rubutu, don haka ta zaɓi zane uku da ɗigo. Nakan ɗauki hoton tukunyar da alamar in tura wa masu saye ta WhatsApp, in faɗi sunan mai aikin, kuɗin kuma ya shiga hannunta. Matsalar da ta saura mana ita ce jigila: ko an naɗe da ciyawa da kwali, kafin mota ta kai Dutse Alhaji wata randar ta riga ta tsage, kuma har yanzu muna tattauna wanda zai ɗauki asarar.