Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Tafiyar Sallah Daura da Yara, da Yadda Ake Kama Kiɗan Hawa a Waya

Makon jiya na tsaya a shekarar da tafiyar Sallah ta dawo wuyana, lokacin da yayyena suka yanke cewa tunda ni ne mai mota kuma mai yawan latsa waya, kai iyali Daura da ɗauko hotunan hawa aikina ne. Yau zan ajiye labari gefe in shimfiɗa tsarin kansa, yadda shekaru suka gyara mana shi, don duk mai shirin kwasar yara zuwa gida.

Mota ake fara dubawa, kwana 3 kafin tafiya. Ranar jajibere bakanike ma hankalinsa na wurin tela. A duba baƙin mai, ruwan lagireto, man burki da fambel. Taya kuwa, a gefen kowace akwai lamba 4 a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Tayar da ta haura shekara 6, ko zanenta na nan raɗau, robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi da kaya a but su ne ke fasa irinta. Iska da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama, har da safaya, wadda kowa ke mantawa sai ranar da ya buƙace ta. In mota ta yi zafi a hanya, a kashe ta a jira. Mai buɗe murfin lagireto yana tafasa, fuskarsa yake wasa da ita.

Daga Kano ana bi ta Ɗambatta da Kazaure, tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Daga Katsina wajen kilomita 80 ne ta Mashi. Duk ta inda za a fito, a tashi bayan asuba. Sallah tana ja baya da kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar ta zo ƙarshen Maris, babbar farkon Yuni, wato yanzu cikin bazara muke yin ta, kuma zafin Daura a wannan lokaci yana taɓa digiri 40. Lita 2 ta ruwa ga kowane kai ba ta yi yawa ba. Yara ƙanana a kujerar baya. A sa sukari da gishiri a ƙulli cikin jaka: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, shi ne abin ba yaron da gudawa ta kama kafin a kai shi asibiti. Naman Sallah da zoɓon hanya ba su da amana. Tsabar kuɗi ma a taho da su, da canji ƙanana, domin ranar Sallah kuɗin da ke cikin na'urorin banki kan ƙare da wuri, masu POS kuma su ƙara la'ada.

Kafin a ɗora wa yara rai, a tambaya ko za a yi hawa bana. Akwai shekarun da aka soke, kamar 2020 saboda korona. Idan za a yi, akwai hawan ranar Sallah bayan saukowa daga Idi, sai hawan Magajiya da ke biyo baya, sannan a watan Mauludi akwai Sallar Gani, wadda ni a wurina ta fi daɗin kai yara don baƙi ba su kai na Sallah cinkoso a hanya ba.

Wurin tsayawa shi ne rabin aikin. Mutane kan ruga filin ƙofar fada don can ake jahi, amma mai yara ba can ya dace da shi ba. Inda dawaki ke zuwa a guje su ja linzami, nan ne doki ke kufce wa mahayi, nan ne kuma jama'a ke ja da baya gaba ɗaya su danne ƙananan da ke bayansu. A nemi wani wuri a kan hanyar da ayarin ke bi, mai gini a baya da ɗan tudu ko dakali, rana tana bayanka. Kada a tsaya a bayan doki ko da an ce mai sanyin hali ne. Kowane yaro a rubuta masa lambar waya a takarda a sa a aljihu, a nuna masa dogari mai ja da kore a ce, "In ka ɓace, wurin wancan Baban za ka je." Jariri a bar shi gida wurin kakarsa, ƙarar bindigogin 'yan bindiga ta fi ƙarfin kunnensa.

To sai kiɗa, wanda shi ne dalilin wannan kashin. Kusan kowa yana dawowa daga hawa da hoton dawaki mai kyau da sautin da ba ya sauraruwa, kamar ana soya gyaɗa a gwangwani. Alhali doki da kayan ado kana iya gani a hoton kowa. Abin da ke tsinka zuciyar ɗan Daura da ke Legas ko Jidda shi ne ya ji algaita ta ɗauko taken hakimin garinsu.

Sai ka san abin da kake ji kafin ka iya kama shi. Hakimai ne ke wucewa da farko, kowa da tawagarsa da makaɗansa, mafi yawa ganguna da algaita, wasu da kalangu. Algaita itace ce da aka lulluɓe da fata, da bututun ƙarfe a sama da ɗan faifai da ke tokare leɓe, a can ciki kuma ɗan tsinken da ke kaɗawa ya ba da murya. Kalli kumatun mai busa da kyau: ya cika su tim kamar ya ɓoye lemo biyu, jijiyar wuyansa a miƙe, yana shaƙar iska ta hanci a daidai lokacin da kumatun ke tura wadda ya tara. Shi ya sa busar ba ta yankewa. Muryarta siririya ce mai huda, waya tana kama ta daga nesa ba wahala. Kalangu fata biyu gare shi da tsarkiya a tsakani. Makaɗi na rataye shi a hammata, in ya matse murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, da haka yake furta kirari har wanda ya san take ya fassara maka shi kalma kalma. A waya shi ne ya fi saurin nutsewa cikin hayaniya, sai an matso. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, da hannu ake kaɗa su, a zaune a fada ko a gidan hakimi da yamma suka fi fitowa. Kakaki da tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai. Da ka ji kakaki, dogon ƙarfen nan da ya fi mutum tsawo, ka san laima ta kusa, Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gadon tun 2007, yana tafe a ƙarshen ayari. Mai sabon shiga yakan ƙarar da cajinsa da memorinsa a kan hakimai 5 na farko, sarki ya iso waya ta mutu.

Makirufon waya don maganar mutum ɗaya aka yi shi. Idan sauti ya fi ƙarfinsa sai ya tsage, kuma abin da ya tsage ba manhajar da ke ɗinke shi. Don haka kada ka tsaya a saitin bakin kakaki ko ka kai waya jikin ganga. Ka koma gefe, taku 10 zuwa 15, ka bar su su zo su wuce ka. Waya kuma tana daidaita ƙarfin sauti da kanta: da an harba bindiga kusa sai ta danne komai na daƙiƙa ɗaya ko biyu, algaita ta yi kamar ta faɗa rijiya sannan ta dawo. Maganinsa nisantar 'yan bindiga. Iska tana sa wani gurnani a ƙasan sauti. Ɗan yankin soson katifa da aka ɗaure da roba a kan ramin makirufo, a gindin waya, yana rage shi sosai. A lura kada ɗan yatsa ya toshe ramin. Sannan a yi shiru. Bakinka ya fi algaita kusa da waya sau ashirin, duk "kai, ka ga wannan!" da ka yi ita za ta hau kan kiɗan.

Idan akwai waya ta biyu, ko tsohuwa ce, a sa ta a yanayin jirgin sama, a kunna mata naɗar murya kawai, a ba babban yaro ya riƙe a ƙirji daga ɗan nesa. Daga baya ana haɗa sautinta da hoton, ƙarar bindiga ɗaya da ta fito a duka biyun ita ce alamar daidaita su. Wayar ɗaukar bidiyon ma a rufe mata kira, domin kiran barka da Sallah guda yana iya yanke maka wucewar sarki.

A saita ingancin bidiyo a 1080. Minti ɗaya yana cin tsakanin megabayit 60 zuwa 130 gwargwadon waya, 4K kuwa ninki uku ko fiye, ga saurin ɗumama waya. Masu ƙera wayoyi da kansu sun ce kada zafin wuri ya wuce digiri 35, mu kuwa a rana tsaka muke tsaye. Da ta yi zafi sai allon ya dushe, ta rufe kyamara. A cire mata riga, a riƙa sa ta a inuwar jiki tsakanin tawaga da tawaga, kuma kada a yi caji ana ɗauka. Fawabank mai 10,000mAh ba ta cika waya mai batir 5,000mAh sau biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a banza. Jawo hoto da yatsu biyu yana farfasa shi. Gara a jira doki ya matso. Ƙura kuma tana kwanciya a gilashin kyamara, a riƙa sharewa da gefen rawani ko hankici mai laushi. Gajeru ake ɗauka, daƙiƙa 30 zuwa minti 1, amma in algaita ta fara take a bar ta ta dire shi.

Makaɗi ba gunki ba ne. Bayan hawa, idan ka same su suna hutawa a inuwa, ka yi sallama, ka ce, "Sarkin Kiɗa, barka da Sallah, a ba ni izini in ɗauka?" Ka tambayi sunansa da garinsu da taken da ya yi, ka rubuta a ƙasan bidiyon. Abin da ya sawwaƙa a damƙa masa a hannu ko a ambulan. Liƙi a goshi ana watsa kuɗi a ƙasa laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 an ga ana gurfanar da mutane da hujjar bidiyon da su da kansu suka ɗora. Daura ta san darajar makaɗa. Mamman Shata na Musawa ne, amma da ya rasu a 1999 nan aka kawo shi aka binne.

Ɗorawa kai tsaye a Facebook daga filin hawa ɓata data ne. Dubban wayoyi na rataye a kan turakun sabis ɗin gari ɗaya, hoton zai yi ta daskarewa, kuma tun 2025 Facebook na goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30. A bari sai dare ya yi, a zaɓi 3 ko 4 masu kyau. Mai tura wa dangi ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil, don ta hanyar da aka saba manhajar na matse bidiyo, sauti ne kuma ya fi shan wuya. Abu ɗaya da har yau ban gane ba: mutum ya sha rana ya kamo kakaki da tambari, sannan ya danne su da waƙar fim a TikTok.

Akwai abin da ba ya hawa waya a gidanmu. Ba a sanar da ranar tashi, domin "mun kama hanyar Daura" da hoton mota da lambarta sanarwa ce cewa gidan Kano ba kowa. Hotunan tafiya sai an dawo. Fuskar matar wani da 'yan matan da suka fito cikin kwalliyar Sallah, in sun faɗo cikin bidiyo a yanke wurin, don ba ka san inda zai kwana ba. Yaranmu ma hotonsu a zauren dangi yake tsayawa.

Washegarin hawa, da sassafe kafin rana ta buɗe, ake kai yara rijiyar Kusugu. Tana cikin gini yanzu, akan ba masu kula da ita ɗan abin goro, su zura guga su ba ka ruwan. A bar mai gadin ya ba su labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a da Bayajidda da Magajiya Daurama da bakinsa. Ya fi ka iyawa, kuma ɗakin ba iska ba hayaniya, muryarsa tana fita tas a waya idan ya yarda a naɗa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan labari: shekarar da muka yi Sallar a Katsina, da hawan Bariki, da abin da ya raba ni da wayata ta farko a Ƙofar Soro.