Abin da binciken masu warkarwa da hannu ya koya mini a Damagaram

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin buro na jami'a, in koma duba marasa lafiya kawai. Masu tambayata dalili sun yi yawa, wasu ta waya, wasu a bakin masallaci, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, sun san mutumin, don haka ba sai na kama suna ba.

Bincikena a kan masu warkarwa ba tare da ƙwaya ko allura ba ne: mai tofi, mai shafa hannu inda ke ciwo, da sababbin nan masu na'urar da ake ɗora tafin hannu a kai, kwamfuta ta jero maka cututtuka. Wasu ƙasashe ma suna da nasu. Akwai Reiki da Mikao Usui ya kafa a Japan a 1922, akwai hanyar da Dolores Krieger, malamar aikin jinya a Amurka, ta yaɗa a shekarun 1970, inda ake yawo da hannu saman jikin majinyaci da cewa ana daidaita wani ƙarfi da ke kewaye da shi. Ni dai abin da ya dame ni a gida yake. Masu hawan jini daga Birni, Zango, Garin Malam, har daga Mirriya da Matamaye, sai su ɓace wata da watanni, a dawo da su ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye. In ka tambaya a ce ai ya ji sauƙi wurin malam, sai ya ajiye ƙwayoyin.

Ban fita auna addu'a ba, wannan ya fi ƙarfin na'urata, kuma ni ma ina yi wa ƴaƴana tofi. Tambayar da na riƙe ƙarama ce: idan mutum ya tashi daga gaban mai shafa, me ya sauya a jikinsa, me kuma ya tsaya yadda yake?

Wani dattijon malami a Birni ne ya fara buɗe mini zaurensa, bayan ya daɗe yana kallon take-takena. Ya ce, "Likita, auna abinka. In ka ga wanda ya fi ƙarfina ka faɗa mini, ban son ran kowa a wuyana." Ina zama gefen tabarma da abin awon tansiyo, wato hawan jini, a cinya, in auna mutum kafin a shafa shi, in sake aunawa bayan an gama, in bi shi gida mako ya zagayo. Ba na manta wata tsohuwa da ta shigo ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ido ja. Da malam ya gama, ta kwance ɗaurin, ta ce mini, "Ɗana, wallahi kan ya sake ni." Na yarda da ita, fuskarta ma ta nuna. Na naɗa mata awon, tansiyo na nan sama, 18, yadda na same shi.

Abin da na yi ta gani ke nan: sauƙin gaskiya ne, mutane ba ƙarya suke ba, amma jinin bai sauka. An ga irin haka a wani gwaji da masanan Harvard suka buga a 2011 kan masu asma. Wanda aka bai wa maganin shaƙa na gaske da wanda aka bai wa na bogi kusan sauƙi ɗaya suka ce sun ji, kashi 50 da kashi 45 cikin ɗari. Da aka auna huhu kuwa, na gasken ya ƙara numfashi da kashi 20, na bogin kashi 7 kawai, daidai da wanda ba a yi wa komai ba. Haɗarin yana nan: sauƙin da kake ji shi ne ke sa ka daina shan maganin da ke tsare maka rai.

Ranar da na kai wa shugaban sashenmu tsarin aikin, a gaban ɗalibai ya ɗaga takardar ya ce, "Dakta, karatun da aka kashe maka kuɗi ka yi, boka za ka dawo mana?" Aka yi dariya. Na haɗiye. Ya hana kuɗin mai, na zuba wa babur ɗina daga albashina. Duk wannan da sauƙi. Da lokacin tura dosiye zuwa CAMES ya zo, hukumar nan da ke Wagadugu wadda ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashenmu, sai takarduna suka kwana a durowarsa. Yau ya yi tafiya, gobe bai karanta ba, har wa'adi ya wuce. Wanda ya san tsarin ya san shekara guda ce ta tafi. Abokan da muka shigo tare suka haye, ni ina nan. Dalilinsa wai aikin ba kimiyya ba ne, alhali ita CAMES ɗin tana da shiri na musamman kan maganin gargajiyar Afirka tun 1974.

Yakan tsorata ni da sunan Jacques Benveniste, masanin Faransa da ya buga a mujallar Nature a 1988 cewa ruwa na riƙe tasirin abin da aka narkar a cikinsa ko bayan ba sauran ƙwayarsa, daga baya ya rasa ɗakin bincikensa. Na koma na karanta labarin da kyau. Abin da ya kayar da Benveniste shi ne, da aka sake gwajin a rufe, ba wanda ya san wace kwalba ce wace, sakamakon ya ɓace, shi kuma ya ƙi saki. Ga kuma Emily Rosa, yarinya ƴar shekara 9 a Amurka, da ta zaunar da masu warkarwa da hannu su 21 bayan wani shinge, ta ce su faɗi wane hannunsu ne nata ke samansa. Cikin gwaji 280 sun dace sau 123, bai ma kai rabin da mai canki-canka zai samu ba. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga aikin a 1998. Ashe taɓa batun ba ya zubar da mutuncin mai bincike, muddin ya auna da gaskiya kuma ya karɓi abin da awon ya ba shi. Na faɗa masa haka cikin ladabi, ya ce in fita ya yi aiki.

Abin da har yau ke ci mini rai daga baya ya zo. Wasu baƙi masu tallafa wa bincike suka iso, lokacin ranar maganin gargajiya ta Afirka da ake yi 31 ga Agusta. Ya aiko a karɓi jadawalaina, wai zai duba. A zauren taro ina zaune a baya sai ga su a bango, sunansa a sama, nawa babu. Da iyakarta ke nan da na bar shi da Allah. Amma rabi ya nuna: yadda ciwon kai ke sauka, yadda mutane ke samun barci. Shafin tansiyo ya cire shi gaba ɗaya. Aka tafa. Mutumin da ya kira ni boka ya tsaya yana yabon hikimar kakanni.

Na same shi bayan an watse. Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin da aka cire shi ne wanda ke shanye wa mutane jiki." Ya ce, "Baƙin nan ba wannan suka zo ji ba. Ka yi haƙuri, sunanka zai shiga na gaba." Daga ranar na san zamana a wurin ya ƙare.

Ga ƙannena masu shigowa. Kafin ku auna mutum ɗaya, a rubuta wa zai sa suna a aikin, a sa hannu. Kada ɗanyen jadawali ya bar hannunku ba tare da shaida ba. Ku nemi iznin kwamitin ɗa'a, mai duba cewa bincike ba zai cutar da mutane ba, da wuri, shi ne garkuwarku ranar da aka ce ba kimiyya kuke ba. Dosiye kuwa a miƙa shi ta sakatariya, a buga muku hatimi da kwanan wata. Kuma ku fara kai sakamako wurin waɗanda suka buɗe muku zaurensu.

Ni na kai wa malamin Birni nawa, duka biyun. Ya yi shiru, sannan ya ce in samo masa irin abin awona mai batir. Yanzu jikansa ne ke auna duk mai ciwon kai kafin a shafa shi, wanda nasa ya hau a turo shi asibiti da ƴar takarda da ajami, kuma malam da bakinsa yake ce musu kada a ajiye ƙwaya. Ba a lissafa wannan a dosiye, amma na san mutanen da ke tafiya da ƙafarsu yau saboda shi.

Cikakken aikin na tura shi wata mujalla, da shafin sauƙi da shafin tansiyo, da sunana da na ɗalibar da ta sha rana tare da ni. An aiko mini cewa al'ada ce a sa sunan shugaban sashe a ƙarshe. Ban sa ba.