Angon ƙarni ya koma fili: Ohtani da hutun kwana uku

Lahadi, 20 ga Afrilu, 2025

Yau Shohei Ohtani, ɗan wasan besbol ɗan Japan, ya koma cikin tawagar ƙungiyarsa ta Los Angeles Dodgers a Arlington, jihar Texas, bayan wasa biyu da aka buga ba shi. Jiya Asabar ya sanar a Instagram cewa matarsa Mamiko ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, haihuwarsu ta fari. Allah ya raya. Hoton da ya saka na ƙafafun jaririyar ne kawai, ƙanana, tare da hannayen iyayenta. Babu fuska, babu suna, babu sunan asibiti. Ya gode wa matarsa, da ma'aikatan lafiya, da ƙungiya, da magoya baya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wanda ya san yadda mutumin nan ke tafiyar da gidansa ba zai yi mamaki ba.

Hutun da ya samu yana da ƙa'ida. Tun 2011 babbar gasar besbol ta Amurka ta ware wani jeri na musamman don 'yan wasan da matansu za su haihu. Mafi ƙaranci kwana ɗaya, mafi yawa uku, kuma albashi ba ya tsayawa. Amfanin jerin ga ƙungiya shi ne gurbi. Kowace ƙungiya 'yan wasa 26 take da ikon amfani da su a lokaci guda, to da zarar an sa mutum a jerin haihuwa, an buɗe gurbinsa, sai a kira wani daga ƙaramar ƙungiya ya riƙe. Ranar Juma'a aka sa Ohtani, aka kira Eddie Rosario. Idan kwana uku suka cika kuma uwa ko jariri na cikin matsala, akwai wani jeri daban na rashin lafiyar iyali, daga kwana uku zuwa bakwai. Inda abin ke cakuɗewa shi ne lissafin ranar farawa. Naƙuda ba ta duba jadawali. Ka shiga jerin da wuri, kwanakinka su ƙare jariri bai iso ba. Ka yi jinkiri, haihuwa ta same ka a wani gari mai nisan awa uku ko biyar a jirgi. Shi ya sa Ohtani bai bi tawaga zuwa Texas ba tun farko, ya zauna a Los Angeles.

A Japan, inda ya yi wasa daga 2013 zuwa 2017, lissafin a lokacinsa ya fi tsauri. A lokacin, duk wanda aka cire sunansa daga rajistar babbar tawaga, sai ya yi kwana goma kafin a mayar da shi. Kwana goma kuwa wasa takwas ne ko tara a kakar da ke da wasa 143. Ɗan wasan da bai gama kafa ƙafarsa ba zai yi tunani sau biyu, don wanda ya riƙe masa gurbi na iya ƙin saki. Ga kuma al'adar da yawancin iyalai a can suka saba da ita: mace ta koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, ta haihu a can, ta yi kusan wata guda uwarta na kula da ita, kamar dai yadda ake zuwa wankan gida a wurinmu. Wannan al'ada ta daɗe tana rufa wa 'yan wasa asiri. Amma wanda ya tsallaka teku da iyalinsa ya bar wannan gatan a baya, sai dai a ɗauko uwa ko suruka ta zo.

Yanzu aikin ya fara. Kakar Amurka wasa 162 ce cikin wata shida, rabi a waje, wato 81. Tafiya ɗaya kan ɗauki mako guda, wani lokaci kwana goma. Ko a gida ake wasa, na dare yana farawa wajen ƙarfe bakwai, ɗan wasa ya bar gida tun da rana, ya dawo sha ɗaya ta wuce. Ohtani kuma an san shi da barci, ya sha faɗin cewa yana neman kusan awa goma, don shi barci wani ɓangare ne na atisaye. Jariri sabon haihuwa yana neman nono duk bayan awa biyu zuwa uku. Waɗannan lissafi biyu ba sa zama a ɗaki ɗaya. Ƙari a kan haka, jikinsa na cikin gyara: an yi masa aikin gwiwar hannun dama karo na biyu a Satumba 2023, sannan aikin kafaɗar hagu a Nuwamba 2024, bayan ta goce a wasa na biyu na ƙarshen gasa. Har zuwa Afrilun 2025 bai koma jifan ƙwallo a wasa ba, bugun ƙwallo da sanda kawai yake yi, yana gwada hannu a gefe. A ganina duk wanda ke yabon yadda ya dawo da wuri, ya fara yabon wadda aka bari a gida.

Ita ma ba baƙuwar wannan rayuwa ba ce. Mamiko Tanaka ta buga ƙwallon kwando a ƙungiyar Fujitsu Red Wave, ta yi ritaya a 2023. Ta san abin da ake nufi da abincin ranar wasa da ciwon da ba a faɗa wa 'yan jarida. Gidan da Ohtani ya taso ma haka yake. An haife shi ranar 5 ga Yuli, 1994, a yankin Iwate da ke arewacin Japan, a garin da yanzu ake kira Oshu. Mahaifinsa ma'aikacin masana'antar mota ne da ya taɓa buga besbol a ƙungiyar kamfani, mahaifiyarsa 'yar wasan badminton. Shi ne auta, yana da wa da ya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne tun yana yaro aka ɗauke masa duk wata hidima da ba wasa ba. A sakandaren Hanamaki Higashi a ɗakin kwanan ɗalibai ya zauna, ƙarƙashin koci Hiroshi Sasaki, wanda ya ɗora wa masu jifa aikin wanke bayi don kada kai ya kumbura. Da ya shiga ƙungiyar Nippon-Ham Fighters ta Japan sai ya koma gidan kwanan ƙungiya, kuma koci Hideki Kuriyama ya sa masa dokar neman izini kafin ya fita. Albashinsa ya kai yen miliyan 270 a 2017, amma jaridun Japan sun sha rubuta cewa iyayensa ke riƙe kuɗin, ana ba shi yen dubu ɗari a wata, shi ma ba ya cinyewa. Girki, wanki, mota, banki, duk akwai mai yi. Tsarin ya fitar da gwani, babu gardama. Amma yana da rami a tsakiya, kuma an ga ramin a 2024.

Da ya koma Amurka a 2018, duk wannan nauyi ya tattaru a hannun mutum ɗaya, tafintansa Ippei Mizuhara. Shi ya raka shi buɗe asusun banki a Arizona. Daga baya ya sauya lambar waya da adireshin imel da ke kan asusun zuwa nasa, ya riƙa kiran banki yana cewa shi ne Ohtani. Idan wakili ko akawu suka nemi ganin asusun, ta bakinsa tambayar ke bi, sai ya ce musu maigidan ba ya so a taɓa. Da haka aka kwashe kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca. Asiri ya tonu a Maris 2024, lokacin da ƙungiyar Dodgers ke Seoul. Masu gabatar da ƙara sun ce Ohtani shi aka zalunta, kuma a Fabrairun 2025 kotu ta yanke wa Mizuhara ɗaurin wata 57. Kuskuren ba na yarda da mutum ba ne kaɗai. Kuskuren shi ne ƙofa ɗaya ce tak tsakanin Ohtani da duniya: babu akawu na biyu mai jin Japananci, babu saƙon banki da ke shiga wayarsa kai tsaye. Kuma irin wannan lissafi zai daɗe yana bin gidan, domin kwantiraginsa na dala miliyan 700 ba yanzu ake biya ba. Miliyan 2 yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Yarinyar nan za ta kai shekara 18 kafin a gama biyan babanta.

Auren kansa a ɓoye aka yi shi, ya sanar ranar 29 ga Fabrairu, 2024, bai ma faɗi sunan amarya ba sai da hotonsu ya fito makonni biyu bayan haka. A Japan wannan ba wuya. Aure a idon doka takarda ce guda, ango da amarya su sa hannu, shaidu biyu baligai su sa, a miƙa a ofishin gari. Biki ganin dama ne. Dokar dai ta wajabta wa ma'aurata sunan iyali ɗaya, kuma kusan kullum na miji ake ɗauka. Ɓoyon nasa yana da dalili. Da ya sayi gida a La Cañada Flintridge a 2024, wasu gidajen talabijin na Japan sun je sun ɗauki hoton gidan har da tambayar maƙwabta, ta yadda kowa zai iya gane wurin. Ga mutumin da duk duniya ta san ranakun da ba ya gari, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Karensa Dekopin kuwa an sakar masa kyamara, har ya kai ƙwallon buɗe wasa a bakinsa a filin Dodgers ranar 28 ga Agusta, 2024.

Saura takardu, kuma nan ne iyalai da yawa na Japan mazauna waje ke tuntuɓe. A cikin Japan ana rajistar haihuwa cikin kwana 14. Idan a waje aka haihu, wata uku ne, ta ofishin jakadanci ko ta ofishin garin da rajistar iyali take. Ana haɗawa da takardar haihuwa ta ƙasar da aka haihu da fassararta zuwa Japananci. Jaririn da aka haifa a Amurka ɗan Amurka ne tun ranar farko, saboda haka a jikin fom ɗin akwai wani gurbi da uba ko uwa za su sa hannu cewa suna riƙe wa yaron ɗan ƙasancinsa na Japan. In aka bar wata uku suka wuce ba a yi ba, ɗan ƙasancin ya faɗi, kuma ana lissafa faɗuwar tun daga ranar haihuwa. Maido da shi sai yaron ya koma Japan da zama kafin ya kai 18. Wanda aka riƙe wa duka biyun kuma, doka ta ce ya zaɓi ɗaya kafin ya cika 20. Sunan ma ba kowane harafi ake karɓa ba, akwai jerin haruffan kanji da hukuma ta amince a sa wa yaro, wanda ya fita daga jerin sai a dawo da fom.

A al'adance akan sanar da suna a daren bakwai, a rubuta shi da buroshi a farar takarda a rataye a gida. Bayan kusan wata guda a kai jariri wurin ibadar Shinto na unguwa, a kwana na ɗari kuma a yi bikin ɗanɗana abinci, inda ake kai cokali bakinsa ba tare da ya ci ba. Ko gidan Ohtani za su yi waɗannan, ba na tsammanin za su nuna wa kowa. Daga Texas tawagar Dodgers za ta wuce Chicago, wasa biyu da ƙungiyar Cubs, sai ranar Juma'a su sake buga wasa a Los Angeles.